Tsibirin da Baiwa Ta Zaɓa

Rani ne, shekarar 1972. Hadi yana bakin wata rijiya a Ajingi yana kwance igiya daga ƙugunsa, sai ya ji shessheƙar kuka a bayansa.

Shi ɗan Gaya ne. Ya gama sakandare, takarda a hannu, aiki babu. Sai ya koma sana'ar gidansu ta yasar rijiya, yana bin kawunsa ƙauye-ƙauye. Ba shi da yawan magana. Abin da ya iya shi ne riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa har waɗanda ke sama su fara salati.

Ya juya. Budurwa ce doguwa, tulunta a ƙasa, tana leƙen rijiyar.

"Me ya faɗa?"

"Munduwar kakata. Ta azurfa. Aro na yi ban tambaya ba."

Ya mayar da igiyar ƙugu, ya miƙa wa kawunsa bakinta, ya sauka. Sau uku yana nitsewa. A na ukun yatsansa ya taɓa ta cikin laka.

Da ya fito, yana ɗigar da ruwa, ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta dube shi tun daga sama har ƙasa, hawaye bai gama bushewa ba ta fashe da dariya.

"Wai kai mutum ne ko kwaɗo?"

"Hadi."

"Ni Baiwa. Amma Kwaɗo ya fi dacewa da kai."

Daga ranar, duk kasuwar Ajingi sai an ga Hadi, ko da rijiya ko babu. Bayan la'asar yakan tsaya a zauren gidan Malam Datti, mahaifinta. Dada, kakarta mai munduwar, ita ke fara fitowa.

"Angona ya iso! Yau ma bakin a ɗinke ka zo da shi? Ni dai na haƙura da kai, bari in turo maka yarinyar."

Baiwa ce kaɗai ta iya sa shi magana. Ita ya fara gaya wa abin da ke ransa. Yana aji huɗu ya ga hoto a wata mujalla: mutane a ƙarƙashin teku, tulun iska a baya, gilashi a fuska, takalmi kamar ƙafar agwagwa, kifaye masu launi suna kewaya su. Ba duhu, ba laka, ba bangon rijiya. Ya ji an ce a Ikko ana koyar da aikin, har ya aika takardar nema. In ya iya, zai je tsibiran da ruwansu ya fi kowane ruwa haske.

"Ina suke?" in ji ta.

Ya ciro wata takarda daga aljihu, ya warware ta a kan tabarma. Taswira ce, shafi ɗaya, ta gaɓar Afirka ta gabas.

"Duk wannan shuɗin ruwa ne?"

"Duka."

"Mu nan muna zage-zage a kan guga ɗaya."

Ya nuna mata yadda ake zaɓe. Inda shuɗin ya yi duhu, zurfi ne, ba a zuwa. Inda ya yi haske a gefen tsibiri, nan rana ke kaiwa har ƙasa, nan masu nutso ke nema. Baiwa ba ta yi boko ba, allo ta yi. Don haka ya ɗauki jan biro ya rubuta mata sunayen da ajami, kowanne a cikin gidan da layukan taswirar suka yanka: Zanzibar, Femba, Komoro, Sishel. Ya sa lambar zurfin da yake zato a gefen kowanne.

Kasuwa huɗu suna wannan shawara.

"Mutanen wannan suna salla?"

"Suna yi."

"Gero fa?"

"Shinkafa da kwakwa."

"To zan tafi da nawa geron. Wancan na can tsakiya kuma ban so, ya yi nisa da mutane. In ka shiga ba ka fito ba, wa zan kira?"

A ƙarshe ta ɗora yatsa a kan Femba, saboda kusa yake da tudu. Hadi ya zagaye shi da ja, ya rubuta sunanta da nasa a ciki.

"Baiwata, ki riƙe ta a wurinki."

"A ina ka samo ta ma, Kwaɗona?"

"Wani malaminmu ya ba ni."

Ƙarya ce. Malam Barau, mai koya musu labarin ƙasa, littafin taswirarsa ya ba shi aro, nasa na kansa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Hadi ya sa reza ya yanke shafin. Da malamin ya ga giɓin ya tambaye shi, Hadi ya rantse haka ya same shi. Shekara biyu ke nan. Malam Barau ya yi ritaya ya dawo Gaya, Hadi kuwa in ya hango shi sai ya sake lungu.

Akwai wani Maiwada, mai sayen gyaɗa, da ya nemi Baiwa ta ƙi shi. Ya sha wucewa ta ƙofar zauren yana ganin kawuna biyu a sunkuye kan takarda. Ya je gona ya sami Malam Datti.

"Baba, ba gulma ba. Yaron nan mai shiga rijiya rubutu yake kawo wa Baiwa. Ka san masu wannan sana'a da mutanen ruwa."

Malam Datti ya sa aka bincika kayanta. Aka sami takardar a ninke a ƙarƙashin faifai. Ya buɗe. Layuka a tsaye da a kwance sun yanka gida-gida. Haruffa a cikin gidajen, da lambobi. Ga jan da'ira, ga sunan 'yarsa da na saurayi a ciki. Shi bai taɓa ganin taswira ba, amma ya yi allo, ya san hatimi in ya gan shi.

Ranar kasuwa Hadi ya tarar da shi a zaure maimakon Dada. Ya durƙusa.

"Mene ne wannan?"

"Taswira ce, Baba. Hoton ƙasa da teku."

"Haka ita ma ta ce. Bakinku ɗaya, dama haka abin yake aiki. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Wudil ba, yanzu ba ta da zance sai teku. A ina ka samo?"

"A littafi."

"To kawo littafin in ga 'yan'uwanta. In ba haka ba, kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Tafiyar minti biyar ce daga gidan su Hadi zuwa gidan Malam Barau. Ya yi sati uku bai yi ta ba.

Dada takan kawo daddawa kasuwar Gaya. A sati na farko ta miƙa masa wata 'yar takarda, ba ta tsokane shi ba. Rubutun ajami ne.

"Kwaɗona, bayan gaisuwa. An kai ni wurin malami. Safe da yamma rubutu nake sha, ana yi mini hayaƙi. An hana ni zuwa rijiya. Ba komai. Ka je wurin malamin da ya ba ka, ka kawo littafin. Ina jira. Taka, Baiwa."

Ya karanta, ya ninke. Washegari ya kai har ƙofar gidan Malam Barau, ya ji tarinsa daga ciki, ya wuce.

Sati na biyu:

"Hadi, ko ba ka da lafiya ne? Jiya 'yan mata sun yi mini waƙa ta bayan katanga, wai matar aljanin ruwa. Ƙawayena sun daina shigowa, iyayensu sun hana. Maiwada ya aiko wai shi zai ɗauke ni ko a haka, Baba ya ce a bari in warke tukuna. Ni lafiyata ƙalau. Me ya tsare ka?"

Ya ɗauki biro ya rubuta, "Baiwata, ki ƙara haƙuri." Ya duba kalmomin. Ya yaga. A satin ya shiga rijiya biyu, ya riƙa daɗewa a ƙasa fiye da yadda aikin ke bukata, har kawunsa ya zage shi.

Sati na uku takardar gajera ce.

"Jibi bayan kasuwa za a kai ni ƙauyen Balan wurin gwaggona, ba a ce ga ranar dawowa ba. Na rantse wa Baba malaminku ne ya ba ka. In ba haka ba ne, ka gaya mini. Baiwa."

Dada ta tsaya tana kallonsa har ya gama.

"Ta rame," ta ce. "Ban san abin da kake ɓoyewa ba, yaro. Amma ita ke shan ɗacinsa."

Ba ta kira shi angonta ba.

Washegari da hantsi ya yi sallama a gidan Malam Barau. Tsohon yana zaune a inuwar darbejiya da rediyo.

"Hadi! Ashe kana garin nan?"

Hadi ya durƙusa, bai ɗaga kai ba.

"Allah ya gafarta Malam. Shafin nan na littafinka. Ni na yanke."

Malam Barau ya kashe rediyon.

"Ka san wasiƙa na rubuta wa masu buga littafin? Shafi biyu, da Turanci mai zafi, wai sun sayar mini da littafi mai giɓi." Ya yi 'yar dariya, ta tsaya nan da nan. "Ka rantse mini, Hadi. Ban ko sake tunani ba."

"Na sani, Malam."

"Da ka roƙa, da na zana maka ita da hannuna. Me ya kawo ka yau? Ba tuba kaɗai ba ce, na gani a fuskarka."

Hadi ya faɗa masa duka. Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da littafin a naɗe cikin tsumma.

"Ba zan sake ba ka aro ba. Ni zan riƙe abina. Wace mota ke zuwa Ajingi gobe?"

A zauren Malam Datti, bayan gaisuwa, Malam Barau bai yi gardama da kowa ba. Ya buɗe wani shafi daban.

"Malam, ga Makka. Ga Madina. Ga Jidda inda alhazai ke sauka."

Malam Datti ya sunkuya. Layukan nan ne dai, gida-gida, a kan ƙasa mai tsarki. Aka buɗe wani shafin, ga Kano, layukan na nan.

"Ina Ajingi?"

"Ba su sa ba."

"Ba su kyauta ba."

Sannan Malam Barau ya karɓi takardar, ya buɗe inda giɓin yake, ya ɗora ta. Yankan rezar ya zauna daidai, gaɓar teku ta haɗu da gaɓar teku.

"Sunayen fa?" in ji Malam Datti.

"Wurin da ta zaɓa ne, Baba," in ji Hadi. "Inda nake so in kai ta wata rana, in kun ba ni."

"Gaya zuwa nan ba nisa. Me ya sa sai yau?"

Malam Barau ya buɗe baki zai rufa masa asiri. Hadi ya riga shi.

"Sata na yi. Ba ba ni aka yi ba. Kunyar Malam ce ta hana ni. Na bar ta tana shan rubutu da hayaƙi saboda kada a san ni ɓarawo ne."

Ya faɗa da ƙarfi, don ya san akwai mai saurare a bayan ƙyaure.

Malam Datti ya shafa gemunsa.

"Ni na zalunci 'yata don ban sani ba. Kai ka sani." Ya dubi ƙyauren. "Da ni ne, ba zan ba ka ba. Amma ba ni na sha hayaƙin ba. Dada, shiga ki tambaye ta."

Dada ta shiga. Hadi ya taɓa daɗewa a ƙarƙashin ruwa har kunnuwansa suka yi jini, amma bai taɓa ganin jira mai tsawo kamar wannan zaman ba.

Ta fito tana gyara mayafi.

"Ta ce a ba ta shi. Wai kada a bar wa wata, ita ta san abin da za ta yi da shi."

Malam Barau ya yi dariya har da tari. Malam Datti bai yi ba, amma ya kafa sharaɗi: sai bayan kaka, kuma ba inda za a kai masa 'ya sai Hadi ya sami aiki da ɗaki a can.

Aka cire gyaɗa, aka kai gero rumbu, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Datti. Malam Barau ne ya karɓar wa Hadi auren, kawunsa ya bar masa. 'Yan matan da suka yi waƙar bayan katanga su suka raka amarya Gaya, suna wata waƙar. A watan ne kuma takarda ta zo daga Ikko, ana kiran Hadi gwaji.

Ranar buɗar kai, da rana, mata suka fita tsakar gida rabon tuwo. Hadi ya zauna a bakin tabarma, nesa da Baiwa kaɗan. Tun ranar zauren bai sami damar faɗa mata ba.

"Baiwa. Sati ukun nan. Ki yafe mini."

Ta ɗaga mayafi kaɗan. Lalle ya kama hannunta sosai.

"Na farko na yafe, tsoro ne, kowa na yi. Na biyu ma na yafe, don ka faɗi gaskiya a gaban Baba ba wanda ya matsa maka."

"Na ukun fa?"

"Wannan ina riƙe da shi. Ranar da na tsaya a bakin ruwan nan na Femba, na gan ka ka shiga, na gan ka ka fito, ranar zan sake shi."

"In ya ɗauki shekara goma fa?"

"Ina za ni? Matso nan, Kwaɗo, ka zauna kamar baƙo."

Ya matsa. Daga tsakar gida muryar Dada ta tashi, ta danne ta kowa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya! Allah ya kawo 'ya'ya masu albarka, masu baki irin na uwarsu! Ya kai ku inda kuka nufa, ya dawo mana da ku!"

Matan suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Hadi ma ya ce amin, a hankali, Baiwa kaɗai ta ji.