Tsagar da Manhaja Ta Goge

Mahbub ya fara ganin Bara'atu ne a wajen wani suna a Agege, cikin Legas, a layin da ke bayan titin jirgin ƙasa. Shi ne mai ɗaukar hoto a ranar. Kwanansa tara da sayen kyamara.

Da can okada yake ja. Da aka hana su hawa manyan hanyoyi sai ya sayar da babur ɗin, ya je Ikeja ya sayo kyamara ta hannu da tsohuwar kwamfuta. Ba wanda ya koya masa komai. Ya rataya ta a wuya, ya ce shi mai hoto ne. Haka yaran yanzu suke.

Tun safe yake durƙusawa yana miƙewa a gaban mata, yana cewa su matso, su yi murmushi. Can sai wata ta fito daga cikin ƙawayenta ta ce ya nuna mata nata. Baƙa ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Ya danna nan, ya danna can. Babu hoto ko ɗaya. Ta karɓi kyamarar ta juya ta, ta buɗe wani ɗan murfi a gefe. Ramin katin ajiye hotuna fayau.

"Malam, tun safe iska kake ɗauka," ta ce.

Ƙawayenta suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ya ruga bakin titi ya sayo kati kafin a fito da jaririya, ita za ta riƙe masa matan da hira. Ya je ya dawo yana haki. Hoton farko da ya shiga katin nata ne. Da wannan dalili ya roƙi lambarta.

Washegari ya tura mata hoton kamar yadda ya fito, ya rubuta a ƙasa: "Assalamu alaikum. Ga hotonki. Jiya kin rufa min asiri, Allah ya rufa miki."

Ta amsa: "Amin. Ya ɗan karkace, amma ni ce. Ka riƙa duba kati, Mai Hoto."

Daga nan sunan ya bi shi. Shi kuma da ya ji mahaifinta Bagobiri ne sai ya riƙa kiranta 'Yar Gobir. Kafin wata biyu ya fara zuwa zance bayan la'asar. Suna zama a kan benci a ƙofar gida, kwata tana wari a gabansu, motocin haya na danfo suna ta ham a bakin titi, su ko a jikinsu. Ta gaya masa tana ɗinka hijabai tana sayarwa. Ya gaya mata shi maraya ne, mahaifinsa dako ya yi a kasuwar Mile 12 har ya rasu, shi da mahaifiyarsa suke zaune.

"In na yi shago, hotonki zan rataya a ƙofa," ya ce mata wata rana.

"A'a. Ka ajiye shi a aljihunka. Ba na kowa ba ne."

Akwai wani Khamisu mai shagon buga fosta da katin biki a kasuwar Agege. Sau biyu yana aikawa gidan su Bara'atu, sau biyu tana cewa ba ta so. Mahbub bai san wannan ba. Wurinsa yake kai hotuna a buga, kuma shi ya tambaya wace manhaja ce ta fi kyau wajen gyaran hoto. Khamisu ya ce kada ya wahalar da kansa da masu wuya. Ya zuba masa wata a kwamfuta, mai maɓalli ɗaya. Da ka danna, an gama.

Abin da take yi wa fuska abin ƙyama ne. Fata ta koma sumul kamar roba da aka shafa wa mai. Hanci ya tsuke. Ido ya yi girma kamar na 'yar tsana. Baƙin mutum ya koma launin cikin burodin Agege. Uwa ba za ta gane ɗanta ba. Amma mutane suka so, amare suka riƙa neman Mahbub, shi kuma ya ɗauka ya iya aiki. A shagon Khamisu ya gwada manhajar a kan hoton Bara'atu, ya kalla ya ce ya yi kyau. Bai tura mata ba. Hoton ya zauna a kwamfutar Khamisu.

Mahaifin Bara'atu shi ne Alhaji Barau, mutumin Sabon Birni. Shekara arba'in yana sayar da albasa a Mile 12. Yana da tsagar Gobirawa, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, tun yana jariri wanzamin gidansu ya yi masa. Dama bai gamsu da Mahbub ba. Ya ce danna maɓalli ba sana'a ba ce. Matarsa Azumi ce take lallashinsa, tana cewa yaron yana da ladabi.

Ana nan sai 'yan albasa na ɓangarensu suka zaɓi Alhaji Barau shugabansu. Aka ce za a yi walima, a rataya babbar fosta mai hotonsa a bakin rumfa. Bara'atu ta roƙi mahaifinta ya ba Mahbub aikin. Ya yi tsaki, ya ce to.

Mahbub ya ɗauki hoton. Ya koma gida ya danna maɓallin nan. Tsagar ta ɓace, duk sha ukun. Ya ga ta ɓace. A Legas aka haife shi, a ganinsa tabo ne ya goge wa dattijo, har yana jin za a gode masa. Khamisu ya kalli hoton a shagonsa, ya san abin da zai biyo baya. Ya buga shi da faɗin ƙofa biyu.

Da safe aka rataya fostar. Wani saurayi ne fari a ciki, da hular Alhaji Barau da rigar Alhaji Barau, fuska tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga man gyaɗa. 'Yan dako suka sauke kwandunan tumatir suna kallo. Wani ya tambaya ko ɗan Alhaji ne. Wani ya ce a'a, Alhaji ne ya fara bilicin.

Cikin baƙin da aka gayyata akwai Baba Abdulganiyu, Bayarabe, tsohon mai hoto na Agege, abokin Alhaji Barau na shekara talatin. Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, kowane yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Ya tsaya gaban fostar ya yi dariya har ya dafa ciki. Ya kira matan Yarbawa masu sayen attarugu su zo su gani.

"Bawana ya gudu," ya ce. "Ya wanke alamar da muka yi masa don kada mu gane shi."

Kasuwa ta ɗauka. Alhaji Barau bai yi dariya ba. Ya sa aka sauko da fostar, ya naɗe ta da hannunsa, ya jefa a kan tarin ruɓaɓɓen tumatir da ƙudaje suka rufe. Ya tofar da yawu. Sannan ya juyo ga Mahbub, wanda ke tsaye da kyamara a wuya.

"Wanga ba ni na ba. Ka goge ubana daga fuskata. Kada in sake ganinka ƙofar gidana."

A ranar da yamma Khamisu ya tura wa Bara'atu hotonta da aka gyara, ya ce ta ga yadda saurayinta yake so ta zama. Ta kalli farar yarinyar mai siririn hanci, sanye da hijabinta. Ta rubuta wa Mahbub:

"Na ga matar da kake so. Ba ni ba ce. Ka je ka neme ta."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya kwana uku yana tunanin ƙaryar da zai yi. A na huɗu ya rubuta:

"'Yar Gobir, ni na yi hoton. Ba zan ɗora wa Khamisu ba. Kuma a lokacin na ce ya yi kyau. Yau na ajiye shi kusa da na farko, wanda ya karkace, na ji kunyar kaina. Ban iya aikin nan ba. Zan je in koya."

Washegari ya nufi wurin Baba Abdulganiyu.

Shagon Baba Abdulganiyu ɗan ƙarami ne, yana warin tsohuwar takarda. Mahbub ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi da Yarbanci. Tsohon ya ce ya buɗe kwamfutar. Ya kalli amare goma a jere, duka fuska ɗaya. Ya yamutsa baki kamar ya tauna ruɓaɓɓen goro, ya ce a rufe, zai yi amai. A gabansa ya sa Mahbub ya goge manhajar.

Sannan ya karɓi kyamarar ya murɗa ta daga inda take yi wa mutum komai da kanta. Ya ce daga yau Mahbub ne zai gaya mata yawan hasken da zai shiga da tsawon lokacin da idonta zai buɗe. Sati biyu Mahbub yana ɗaukar buhun gawayi a bakin taga, har sai da aka iya ganin kowane ƙulli na gawayin a hoto. Tsohon ya ce baƙar fata ba ta buƙatar a yi mata fari, haske take buƙata daga gefe. Ya hana shi haska fitila tsaye a fuskar mutum. Ya koya masa riƙe farin zane a ɗaya gefen don hasken ya dawo. In hoto ya lalace, sai ya buge masa hannu da mafici.

Da aka zo maganar manhaja, suka gwada wasu. Ɗaya tana fara gyara fuska tun kafin a tambaye ta, tsohon ya ce a fitar da ita. Wata tana manna sunanta a kan hoton mutane. Daga ƙarshe suka tsaya kan wata mai wuyar koyo, cike da ma'aunai, wadda ba ta taɓa komai sai ka ce ta taɓa. Ya ce ita ce. Ya yarda a cire ƙuda ko ƙurji da ya fito jiya, a daidaita haske da karkata. Abin da aka haifi mutum da shi, ko iyayensa suka sa masa, ba a taɓawa.

Bayan wata biyu saƙon Bara'atu ya shigo, gajere:

"Ka ɗauki Mamarka. Ka turo min."

Ya zaunar da mahaifiyarsa a bakin ƙofa da hantsi, tana tsintar wake. Ya tura. Furfurarta ta fito, da jijiyoyin hannunta, da giɓin haƙorinta.

Amsa ta zo: "Ka gaishe min da Mama. Tana da kyau. Na yi kewarka, Mai Hotona, amma maganar tana hannun Babana."

Wata ranar Laraba da safe Baba Abdulganiyu ya sa Mahbub a gaba suka shiga danfo zuwa Mile 12. Alhaji Barau yana zaune a kan buhun albasa. Da ya ga yaron sai ya kawar da kai. Tsohon Bayarabe ya zauna kusa da shi ba a ba shi izini ba, ya ce ya zo ne ya sake yi wa bawansa alama, tunda ta farko ta goge. Ya ce idan Bagobiri yana tsoron ƙaramin akwati baƙi, ya faɗa, yanzu a sanar wa kasuwa. Alhaji ya zage shi, ya zagi Yarbawa kaf. Amma abokin wasa ba a korarsa. Ya gyara hula, ya ce a yi a gama.

Mahbub ya roƙe shi ya ɗan juya wajen ƙofar rumfa. Ya daidaita haske, sannan ya danna sau ɗaya.

Ba a kai wa Khamisu ba. A wani shago a unguwar Mushin aka buga hoton. Washegari Mahbub ya kawo hoton a ambulan, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Alhaji Barau ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a kunci ɗaya ya ƙirga, ya koma ɗayan ya ƙirga. Fuskar baƙa ce, ta tsufa, da ƙurar albasa a gira.

"Haka ubana yake shekarar da ya rasu," ya ce. "Ba mu da hotonsa."

Ya mayar da hoton cikin ambulan, ya sa a aljihun gaba. Bai kalli Mahbub ba.

"Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a a Agege, bayan an sauko daga masallaci. Khamisu bai zo ba, ba wanda ya tambaye shi. Baba Abdulganiyu ya tare ƙofar gida da sandarsa, ya ce 'yar bawansa tasa ce, ba za a fita da ita ba sai an fanshe ta. Kawun ango ya ba shi goro cikin hula, ya ce bai isa ba, sai da Azumi ta ƙara masa da kwanon dambun nama sannan ya matsa.

Alhaji Barau ya kira su biyun cikin ɗaki. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce wa Mahbub ya ci da ita, ya sha da ita, in ta tsufa ya tsufa tare da ita. Ya ce wa Bara'atu ta riƙe mijinta da uwarsa. Sannan ya ce su tashi su tafi, mota tana jira.

A cikin motar Mahbub ya sunkuyo ya ce, "Amaryata."

"Na'am," ta ce daga ƙarƙashin mayafi.

Allah ya ba su zaman lafiya. Allah ya ba su zuri'a mai albarka, masu kama da iyayensu.