Takardar da Ke Aljihun Malama Hensley

A lokacin ina aji huɗu, a wani ƙaramin gari na jihar Ohio. Ni kuwa akwai saurin fushi, ga baki ba linzami.

Malamarmu, Malama Hensley, tana son taurari kamar me. Da aka ce za a ɗauki malami ɗaya a tafi da shi sararin sama a cikin kumbo, sai ta nema. Ba a ɗauke ta ba. Wata malama aka zaɓa daga wata jiha. Duk da haka ta yi murna, ta ce a aji za mu kalli tashin kumbon.

Ranar ta zo, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ban yi aikin gida ba, don haka Malama ta hana ni fita wasa. Haushi ya cika ni. Na yagi takarda na rubuta: "Ina ma Malama aka zaɓa, a harba ta sama, kada ta dawo." Da aka dawo aji, na miƙa wa ƙawata Tonya.

Kafin Tonya ta buɗe, sai ga Malama a kanmu.

"Kawo nan," in ji ta.

A ajinmu, duk takardar da aka kama, a gaban kowa ake karanta ta. Amma daidai lokacin aka turo talabijin. Malama ta jefa takardar a aljihun rigar sanyinta.

Muka yi ta ƙirge da ƙarfi. "Uku! Biyu! Ɗaya!" Kumbo ya tashi, muka ɓarke da tafi. Can sai wuta ta tashi, hayaƙi ya rabu biyu.

"Malama, haka ake yi dama?" Tonya ta tambaya.

Malama ta kashe talabijin. Mutum bakwai ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Wayyo ni! Kowa na kuka, ni kuwa idona na kan aljihun nan.

A gida na kasa cin abinci.

"Ke, lafiya?" Mama ta tambaye ni.

Na faɗa mata komai. "Mama, ni na jawo?"

"Haba, 'yata. Takardarki ba ta taɓa kumbo ba. Zuciyar malamarki ce za ta taɓa."

"To ki buga waya gobe, ki ce ba ni da lafiya."

"Ba zan yi ba. Da ƙafarki za ki je."

Da safe na riga kowa shiga aji. Malama na zaune, idanunta sun kumbura.

"Malama, takardar jiya..."

"Na karanta," ta ce. "A mota, kafin in tafi gida."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ki yi haƙuri, Malama. Ban nufi haka ba. Haushi ne."

"Na sani. Amma ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba." Ta miƙo mini hannu. "Zo nan. Na yafe miki."

Ta rungume ni, na jiƙa mata kafaɗa da hawaye. Sannan ta ɗauko sabuwar takarda da fensir.

"Malamar da ta rasu tana da ɗalibai," ta ce. "Yau malamarsu ba za ta shigo aji ba. Za mu rubuta musu wasiƙa. Ke za ki fara."

Na zauna. Na daɗe ina tunani kafin in sa fensir.

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya: kada fushi ya sa ka yi wa mutum mugun fata, ko da wasa. Har yau ina jin kunyar takardar nan. Amma da na ɗago kai, Malama tana nan a gaban allo, tana mini murmushi.