Ranar da Wuta Ba Ta Ɗauke Ba

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a siton wata makarantar gwamnati. Sufeto ya ture kofin shayinsa gefe, ya ɗauki hula, ya yafito Sajan ta biyo shi.

Tun daga bakin get makarantar ta fara yabon kanta. An rataye wani ƙaton ƙyalle da ke cewa ita ce ta zo ta ɗaya a gasar tanadin wutar lantarki ta gunduma. Faya-fayan sola sun jeru a kan rufi suna ƙyalli, kuma a gefen kowane makunni an manna takarda mai cewa a kashe kafin a fita. Sufeto ya leƙa wani aji. Fankoki a tsaye cik, yara sun cunkushe a benci suna fifita da bangon littafi, gumi ya jiƙe musu wuyan riga. Shi ma a irin wannan aji ya yi karatu, kuma bai taɓa jin kewarsa ba.

Shugaban makaranta ne ya tarbe su. Mutum ne tsaf-tsaf mai taushin murya, irin waɗanda ke ba ka amsa tun ba ka yi tambaya ba. Ya ce mamaciyar ita ce mai sharar makarantar, kowa Inna yake ce mata. Jiya kwamitin gunduma ya zo miƙa kofin gasar, ita kuwa ta fake da hayaniyar biki ta shige sito. Wataƙila wani ya ga ƙofa a buɗe ya datse kwaɗo bai san da mutum a ciki ba, zafi da tsufa suka ƙarasa sauran. Da safe aka buɗe, aka same ta, aka kuma sami naɗin wayar wuta a jakarta.

"Abin takaici ne, Sufeto. Mun riƙe ta kamar uwa, ashe sata take mana. Na ma riga na sanar da yara a taron safe, don su ɗauki darasi."

Sufeto ya lura an yanke wa matar hukunci tun kafin a ɗauke gawarta.

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ginin ofis, ba taga, sai wata kafar iska da aka toshe da kwali. Inna na zaune a ƙasa ta jingina da bango, kanta ya karkata kamar mai gyangyaɗi. Sufeto ya durƙusa. Tafin hannunta warin fetur yake. A gefen ƙafarta akwai mazurari, a siminti kuma ɗigon baƙin mai, bangon da ke kusa ya yi wani baƙin tabo daidai gwiwa.

Sajan ta nuna masa tsummokaran da aka jefar a bayan ƙofa. An murɗe su dogo-dogo, kuma tsawonsu ya yi daidai da ƙasan ƙofar.

"Ɓarauniya ta toshe ƙofa daga waje, Yallaɓai?"

"Kira likita ya zo ya ɗauke ta. Ki ce ya fara duba jininta."

A bakin get wani dattijo ya tare shi, hannuwansa baƙi ƙirin da aikin facin taya. Mijin Inna ne. Ya ce jiya da yamma da bai gan ta ba ya zo nan, aka ce masa ta tashi tun azahar. Ya zaga asibitoci har ƙafarsa ta kumbura. Yau kuma yaran unguwa da suka leƙo ta katanga ne suka fara gaya masa wai matarsa ɓarauniya ce.

"Ranka ya daɗe, matar nan ko alli ta tsinta a ƙasa sai ta kai ofis. Mutuwa na karɓa, ta Allah ce. Amma wannan sunan ba zan binne ta da shi ba."

Sufeto ya ce wa dattijon ya zauna a inuwa, kada ya tafi.

Malamin kimiyya shi ne jagoran shirin tanadin wutar. Matashi ne mai tabarau, kuma tun kafin ya zauna ya fara karanto nasarori: sun rage wutar da suke ja daga layi, sun koma hasken rana, sun koya wa yara kashe fitila. Ya ce ko a jiya, majigi da lasifika da na'urar sanyaya ɗakin taro, dukkansu da sola suka yi aiki, kwamiti ya gani da idonsa.

"Madalla. Mu je ka kunna mini fitila ɗaya da solar."

Malamin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. A ɗakin batura, ƙura ta kwanta a kan komai, baturan sun kumbura kamar burodi, kawunansu sun yi fari da tsatsa. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan makunnin.

"Yaushe suka mutu?"

"Tun zangon da ya wuce. Mun rubuta wa gunduma, shiru."

"To da me majigi ya yi aiki jiya?"

Malamin ya ce shi dai bai sani ba, aikinsa jawabi ne. Sufeto ya bar shi da ƙaryarsa, ya fita ya duba mitar makaranta. An yi mata alama da jan fenti ranar da aka rufe gasa, kuma da ƙyar ta motsa daga wurin. Wuta ba ta fito daga rana ba, ba ta fito daga layi ba, amma an sha sanyi a ɗakin taro.

Sajan ce ta hau kujera ta ɗaga silin ɗakin taron. Wata sabuwar waya ta bi ta cikin rufi, ta ratsa ofishin shugaba, ta sauka a sito. An yanke ƙarshenta da gaggawa. Da suka gwada bakin yankan da naɗin da aka samu a jakar Inna, sai suka haɗu cif.

Ana cikin haka likita ya kira. Ba zafi ba ne, ba kuma tsufa ba. Hayaƙin inji ta shaƙa a rufaffen wuri har ya cika mata jini.

Da aka gaya wa malamin kimiyya haka, sai ya zauna a bakin baranda ya riƙe kai. Ya ce shi ya ja wayar, da umarnin shugaba. An sayo ƙaramin janareta aka ɓoye a sito don mita ta daina gudu, ofis ya ci gaba da sanyi, yara kuma a ce musu haƙuri shi ne kishin ƙasa. Amma ya rantse bai san an saka mutum a ciki ba. Makullin kwaɗon sito guda ɗaya ne, kuma ba ya barin aljihun shugaba.

Ofishin shugaba yau da zafi, ya buɗe tagogi. Kofin na kan tebur an ɗaura masa koren ƙyalle. Sufeto ya nemi makullin motar shugaban. Shugaba ya yi dariya, ya ce motar tana da matsala, but ɗin baya ba ya buɗuwa. Sajan ta karɓa ta fita. Ba a jima ba ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce janareta na ciki an lulluɓe shi da tsohon labule, har da jarkar fetur.

Shugaba ya dubi kofin. Da ya buɗe baki, taushin muryar ya tafi.

Ya ce janaretan yana da tari, yakan mutu in mai ya yi ƙasa. Ya ji tsoron kada ya ɗauke a tsakiyar jawabi a gaban kwamiti, asiri ya tonu. Malamai duk suna cikin taro, sai ya kira Inna, ya ba ta mazurari, ya ce ta zauna kusa da injin, ta riƙa ƙara mai, kada ta bari ya mutu ko me zai faru. Ya datse kwaɗo don kada baƙo ya yi kuskuren buɗewa, ya cusa tsumma don kada a ji ƙara.

"Na ce mata ɗan lokaci kaɗan ne. Sai jawabi ya yi tsawo, aka yi hotuna, aka ci abinci, na raka su mota. Wallahi mantawa na yi."

"Wayar da ke jakarta fa? Ita ma mantawa ka yi ka saka?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Ya ce da ya buɗe ya ga ta riga ta tafi, sai ya ga cewa ita ba abin da zai ƙara samunta, amma makaranta tana da suna da za a kare.

Sufeto ya sha ganin masu kisa don fushi da masu kisa don kwaɗayi, amma wannan ya fi ba shi ƙyama. Ya sa aka buga ƙararrawa. A filin da aka kira ta ɓarauniya da safe, a nan ya tsayar da shugaba da ankwa a hannu, ya gaya wa yara cewa Inna ba ta ɗauki komai ba, aiki aka sa ta, kuma a bakin aikin ta mutu. Wasu 'yan mata a layin baya suka fara kuka.

Kafin a saka shugaba a mota, wani babba daga ofishin gunduma ya kira. Bai tambayi sunan matar ba. So yake ya ji ko za a iya yin abin a hankali, tunda an riga an aika hotunan bikin ga 'yan jarida. Sufeto ya kashe wayar.

Ya ɗauki jakar Inna da kansa ya kai wa dattijon a inuwa. Ba komai a ciki sai ɗankwali da ragowar sabulu. Ya faɗa masa yadda aka yi, bai rage ba. Dattijon ya saurara, yana shafa jakar da baƙin hannunsa.

"Abin kashe injin yana kusa da ita?"

"Yana kusa, Baba. Miƙa hannu kawai za ta yi."

"Kuma wutar ba ta ɗauke musu ba?"

"Ko sau ɗaya."

Dattijon ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

"Haka take. In aka ba ta amana, ba ta saki."

Ya rataya jakar a kafaɗa ya kama hanyar asibiti da ƙafa. Sufeto ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana. A bayansa yara sun koma aji, fankoki na nan a tsaye, ƙyallen nasara kuma ba wanda ya sauke shi.