Akwatin Baba Mara Ƙara

Mijina mai gyaran kwamfuta ne. Allah ya yi masa rasuwa bara da damina. Ya bar ni da yarinya ɗaya, a gidan haya a unguwar Magajiya, cikin Suleja.

Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Shi ya sa ba na kiran sunanta. "Ke" nake ce mata. Shi kuwa "Uwata" yake ce mata, ko faɗa zai yi mata.

Muna da wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin talabijin. Ƙaramar kwamfuta ce, mijina ne ya haɗa ta da hannunsa. Da can wata tsohuwar kwamfuta muke kallo da ita. Fankarta na ƙugi kamar injin markaɗe. Sai mun ƙure murya kafin mu ji abin da ake faɗa.

Wata rana ya dawo da wani koren allo a leda. Ya kira yarinyar.

"Uwata, zo ki gani. Wannan shi ake kira madabod. Duk kayan cikin kwamfuta a jikinsa suke. Amma wannan ƙwaƙwalwar laftof ce a jikinsa."

"Ta laftof, Baba? Ai ƙarama ce."

"Ƙarama ce, amma ba ta cin wuta da yawa, ba ta zafi da yawa. Ba ta buƙatar babbar fanka. Iska kawai take so. Kin ga waɗannan ramukan? Hancinta ne. Kada a toshe mata hanci."

Ya kunna. Muka yi ta jiran ƙara, ba mu ji ba. Sai wata 'yar shuɗiyar fitila da ta kama a gaba.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar falonmu ya yi daɗin zama. A cikin akwatin ya zuba fina-finai da karatu, da bidiyon da yake ɗaukarmu da waya. Mutum ne mai magana a hankali. Amma a wannan akwatin, har 'yar dariyar da yake yi ta hanci ana ji.

Bayan ya rasu, sau ɗaya na kunna. Da na ji muryarsa, na kasa jurewa. Na kashe. Na ce wa yarinyar, "Ke, kada ki sake taɓa akwatin nan."

Ta ce, "To, Mama."

Daga nan ta zama mai shiru. Ta je makaranta, ta dawo, ta yi wanke-wanke, ta taya ni suyar awara. Maƙwabta suna cewa, "Yarinyar nan akwai haƙuri." Ni ma haka na ɗauka.

Wata Asabar da hantsi na tafi kasuwa sayen waken suya. Ban yi nisa ba na tuna na bar buhu, na juyo. Na same ta tsaye a falo, talabijin a kashe. Rigar sanyin babanta mai kauri tana kan akwatin.

"Me ya fito da rigar nan?"

"Ƙura nake kare masa, Mama."

Ina sauri, ban tsaya bincike ba. Na ce ta zo ta taya ni ɗaukar kaya. Muka kulle ƙofa muka tafi.

Ranar an yi rana mai zafi, kuma ba a ɗauke wuta ba. Sai bayan la'asar muka dawo. Muna buɗe ƙofa na ji ƙaurin roba. Na ɗaga rigar. Akwatin ya yi zafi kamar kaskon suya. Cajarsa ma, da rigar ta rufe, ta kumbura.

Na bari ya huce, na danna. Fitilar ba ta kama ba. Na sake dannawa. Shiru.

Na zauna a ƙasa. Wayar babanta ta ɓata tun yana kwance a asibiti. Duk duniya babu inda muryar mijina ta rage sai cikin akwatin nan.

"Ke, kin kunna shi?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Mama."

Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ma haka.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta, na naɗe akwatin a zane. Muka hau keke napep zuwa Madalla, shagon Obiora. Abokin mijina ne, tare suka koyi aiki. A Suleja aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar Bahaushe.

Yana ganin akwatin ya gane shi. Ya shafa shi da hannu.

"Madam, ina wurin lokacin da ya sayi allon nan. Na yi ta yi masa dariya. Na ce, ƙato da kai za ka sa ƙwaƙwalwar laftof? Ya ce shi kunnen iyalinsa yake saya wa hutu."

Ya kwance murfin, ya shinshina, ya duba cajar.

"An bar shi a kunne, an lulluɓe shi. Wa ya yi masa bargo a wannan zafin? Mura yake yi?"

Ba wanda ya yi dariya. Sai na ji yarinyar ta fashe da kuka.

"Ni ce, Kawu. Ni ce, Mama. Na yi miki ƙarya."

"Me ya kai ki?"

"Duk ranar da kika fita ina kunnawa. Ranar na ji takunki kin dawo, sai na kashe talabijin kawai. Na rufe fitilar da riga don kada ki gani. Da ba ya ƙara, sai na manta yana kunne."

"Fim kike kallo a ɓoye?"

Ta girgiza kai. "Ba fim ba. Wurin da Baba yake kirana. Tun da ya tafi, ba wanda ya sake ce mini Uwata."

Obiora ya juya baya, yana neman wani abu a cikin kwali. Ya daɗe yana nema.

Can ya ce, "Cajar ta ƙone, wannan tabbas ne. Irin wannan ƙwaƙwalwar kuwa, in ta ji zafi ya yi yawa, takan kashe kanta. Wataƙila ta tsira. Sai na samo caja irin tata kafin mu sani. Ba zan yi muku alkawari ba."

Muka bar masa akwatin, muka koma gida. Wurin akwatin ya zama fili a ƙarƙashin talabijin. Kullum in ta dawo daga makaranta, nan take fara kallo. Ban doke ta ba. Jiran nan ya fi mata bulala ciwo.

Ranar Juma'a da yamma sai ga Obiora a kan babur. Ya shigo da sallama, ya haɗa wayoyi.

"Zo, ke za ki danna," ya ce mata.

Ta danna. Shuɗiyar fitila ta kama.

Sai ga mijina a talabijin, zaune a kan tabarma, da koren allo a cinyarsa. Ni ce ma na ɗauki bidiyon. Ya ɗago kai, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci.

"Uwata, zo ki gani."

"Na'am, Baba," in ji ta.

Na jawo ta jikina. Muka yi kuka, muka yi dariya. Obiora ya ce hayaƙin awara ne ya shiga masa ido, alhali ban hura wuta ba.

Kafin ya tafi, ya kwafe mana bidiyon a wani wuri daban. Ya nuna mata yadda ake kashe akwatin daidai, da yadda ake share ramukan da busasshen buroshi. Yanzu aikinta ne.

Da ya tafi ta durƙusa. "Mama, ki yafe mini. Ba zan sake ɓoye miki komai ba."

"Na yafe miki. Daga yau tare za mu riƙa kallo. In kin yi kewarsa, ki faɗa mini. Ni ma ina yi."

Duk Juma'a da yamma muna kunna akwatin, mu ji muryarsa, mu yi masa addu'a. Yarinyar ta dawo da surutunta. Har na fara cewa ta yi mini shiru.

Yara, in kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri. In wani abu yana damunku, ku gaya wa iyayenku. Kada ku lulluɓe shi. Abin da ya yi shiru ma yana iya yin zafi a ciki.