Muryar da Ta Iso Bayan Mai Ita

Kwana biyu da zuwan labarin mutuwar Ɗanasabe, Asibi ta hau dutsen bayan coci don ta yi kukanta inda ba mai ganinta. A duk ƙauyensu da ke bayan Riruwai, nan kaɗai waya take samun sabis. Ko zama ba ta gama yi ba ta ji wayar ta motsa a hannunta.

Saƙon murya ne. Sunansa ne a sama.

Ta danna.

"Takwarata... ni ne. Lafiyata ƙalau, kin ji? Kada ki sa komai a ranki."

Ya yi ɗan tari, ya yi dariyar nan tasa, saƙon ya ƙare.

Takwara yake ce mata saboda su biyun ranar Asabar aka haife su. Shekara biyu suna son juna, shekara biyu mahaifiyarsa Inna Dije tana cewa ba za ta haɗa jini da 'yar masu haƙar kuza ba, baƙin da ba a san inda aka binne cibiyar kakansu ba. Tabita take so masa, 'yar wanta da ta riƙe tun tana ƙarama. Da coci ya nemi 'yan sa kai da za su bi masu aikin bishara zuwa Chadi su haƙa rijiyoyi na wata uku, Ɗanasabe ne ya fara ɗaga hannu, don a ramin kuza ya koyi shiga ƙasa da igiya. A tasha Asibi ta ce masa, "In ka hau motar nan ka bar ni da su, kada ka sake nemana."

Ya hau. Wata biyu da rabi ba ta ji ɗuriyarsa ba, don layinsa ba ya aiki a can. Sai ga kiran Fasto Bala, jagoran tafiyar, da wayar aro: rijiya ta rufta, an binne Ɗanasabe a can. Da Asibi ta je gaisuwa, daga bakin ƙofa Inna Dije ta tsayar da ita.

"Ke kika kora shi. Koma inda kika fito."

Gidan nan ta nufa yanzu da gudu, ba takalmi, ba mayafi. Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. Tabita ta tare ta a zaure.

"Ke ba ki da zuciya ne? Ba a kore ki ba?"

"Matsa min, Tabita."

"In na ƙi fa?"

Asibi ta ɗaga wayar sama ta kunna. Muryar ta ratsa zauren ta shiga tsakar gida, duk mai magana ta yi shiru. Inna Dije ta miƙe ba tare da ta dafa ƙasa ba, ita da kwana biyu sai an riƙe ta.

"Yaushe ya turo?"

"Yanzun nan, Inna. Ina kan dutse."

"Sake kunnawa."

Sau bakwai aka kunna. A na bakwai Inna Dije ta ce a naɗe tabarmi, ba ta zaman makokin mai rai. Dattawan coci suka ce a dai jira Fasto, tun da lambarsa ba ta shiga. Ta ce Fasto mutum ne, ƙasa ta rufe fuska, wani aka binne. Sannan ta kamo hannun Asibi.

"Kin ci abinci kuwa?"

Ba ta taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Washegari da hantsi Asibi ta koma dutse. Saƙonni suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ruwan rijiyar rani. Ta kunna na farko.

"Takwara, yau kwananmu shida da isowa..."

Ta tsayar. Ta maido shi farko. Kwana shida.

Ta kunna na gaba. "Yau kwana ashirin. Ruwan nan gishiri ne da shi, hasken idona, ba za ki iya sha ba. Matan garin tun safe suke tafiya ɗiba, sai rana ta take su dawo. Maganar da kika faɗa min a tasha, a tasha na bar ta. Ban hau mota da ita ba."

Ta kifa kanta a gwiwa. Da ta samu numfashi ta yi ta kiran Fasto Bala har Allah ya sa ya shiga.

"Baba Fasto, wayar Ɗanasabe..."

"Tana jakata, 'yata. Da muka tsallako iyaka na sa mata caji na kunna. Motarmu ce ta lalace a Maiduguri, sai Litinin za mu iso."

"Saƙonninsa suna zuwa min."

"To waɗanda ya riƙa ɗauka ne a can. Kullum da yamma sai ya koma gefe yana magana shi kaɗai, muna tsokanarsa. Asibi, da hannuna na sa shi a ƙasa. Kada ki bari Dije ta ɗauka wani abu ne daban."

Layin ya yanke.

Ta sauko da niyyar faɗin gaskiya. Amma ta tarar Inna Dije tana jiranta a ƙofar gida da ƙwaryar kunu, tana cewa, "Me yarona ya ce yau?" Sai ta fasa. Ta tsallake farkon saƙon inda ya faɗi kwanaki, ta kunna daga tsakiya.

Haka aka yi Juma'a, haka aka yi Asabar. Inna Dije ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai, ta ba ta labarin yadda Ɗanasabe ya faɗa rumbu yana ɗan shekara huɗu. Ta fara ce mata 'yata. Asibi tana jin kalmar kamar ta saci nama tana ci a gaban mai shi, amma ba ta iya ajiyewa ba. Duk inda ta juya a gidan sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta yana kallonta, ba da fushi ba, kallon nan da yake mata in ya san ƙarya take yi yana jiran ta gama.

Ranar Asabar da la'asar tana daka, ta bar wayar a kan turmin da aka kife. Da ta waiwayo, Tabita ce riƙe da ita a kunne.

"Kwana shida da isowa," in ji Tabita tana murmushi. "Ni dai na ce me ya sa kullum daga tsakiya ake kunna mana."

"Ba ni wayata."

"Ungo, amaryar fatalwa. Gobe Gwaggo za ta tashi a gaban jama'a ta ba da shaida cewa Ubangiji ya raya ɗanta. Har ta kama kazar da za ta miƙa a coci don godiya. Zan bari ta gama tsaf, sannan ni ma in tashi in ba da tawa shaidar."

"Ba ki tausayinta?"

"Ke da kike tausayinta, ai ga shi kin samu kitso."

Maganar ta soki Asibi, don gaskiya ce.

Da safiyar Lahadi an buga ƙararrawar farko, Inna Dije tana ɗaura ɗankwali, kazar tana ɗaure a bakin ƙofa. Asibi ta shiga ta durƙusa.

"Inna, ina da magana. In na gama, ki yi min duk abin da kika ga dama."

"Za mu makara."

"Ɗanasabe ba ya raye. Saƙonnin nan tsofaffi ne, tun yana can ya ɗauke su. Fasto ne ya kunna wayar. Tun Juma'a na sani... na ɓoye miki don kin riƙe hannuna, ban so ki saki ba."

Ta rufe ido tana jiran mari.

Inna Dije ta gama ɗaurin, ta soke bakinsa, ta zauna a bakin gado.

"Kin zaci ban san muryar ɗana ba?"

Asibi ta ɗago.

"Murar da ya tafi da ita ce a muryarsa. Ni na dafa masa citta ranar da zai tafi. Wace mura ce take wata biyu da rabi?" Ta dubi hannayenta. "Tun kunnawa ta biyu na gane. Amma ba a ba ni gawa ba, ba a nuna min kabari ba. Na ce bari in ƙara kwana uku ina da ɗa."

"To kazar fa, Inna? Shaidar fa?"

"Ban san me zan faɗa ba in na tashi. Jira nake wani ya hana ni. Duk gidan nan babu wanda ya iya, sai ke."

Nan kukan da ta riƙe ya ƙwace mata. Asibi ta rarrafa ta rungume ƙafafunta, suka yi shi tare har aka buga ƙararrawa ta biyu.

"Na ce ke kika kora shi," in ji Inna Dije. "Daga ni da ke ya gudu, mu biyun. Kuma mu biyun ya yafe wa, na ji da kunnena." Ta share fuska. "Saura nawa ba mu ji ba?"

"Ɗaya. Na ƙarshe ne. Ban iya buɗewa ba."

Ta miƙa wayar. Inna Dije ta daɗe tana kallon ɗan layin saƙon, sannan ta naɗe yatsun Asibi a kansa.

"Bar shi. Muddin yana nan, yarona bai gama magana ba."

Tabita tana tsakar gida da Littafi Mai Tsarki a hammata lokacin da suka fito.

"Kwance kazar nan," in ji Inna Dije. "Ki gaya wa mata su dawo bayan sujada, za mu ƙarasa makoki. Ni da matar ɗana za mu karɓi gaisuwa."

"Gwaggo, ai ba a ɗaura ba..."

"Ban tambaye ki ba."

Shekara huɗu ke nan. Inna Dije ta bi ɗanta a daminar bara, a hannun Asibi ta cika. Wayar ta tsufa, gilashinta ya tsage, amma duk ranar kasuwa Asibi tana kai ta caji Riruwai. Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne tsawon saƙon. Har yau ba ta danna ba.