Zinare a Cikin Baƙin Dutse

A kan jirgin haƙa suka fara haɗuwa, tsakiyar Bahar Maliya. Mu'utaz, mai tuƙa injin, ya miƙa wa Rihab guntun baƙin dutsen da ya haƙo daga ƙasan teku, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Ga amanarki, Dakta. Ki gaya mana abin da ya ƙunsa."

"Sai na niƙa shi tukuna," ta ce. Ba ta ɗago kai ba, don ta san tana ɗagowa asirin zuciyarta zai tonu.

Kafin shekara ta zagayo aka sa musu zoben baiko a birnin Suwais, kowa a hannun dama kamar yadda al'adarsu take. Sai dai Hajja Nabawiyya, mahaifiyarsa, ba da son ranta ba ne. Mace a teku cikin maza? Ga Shaima 'yar ƙanwarta zaune a gida, tana ta jiran tsammani.

Tafiya ta gaba Rihab ta koma jirgi ita kaɗai. Wata abokiyar aikinta ta ɗora hotonsu na ɗakin gwaji a intanet, kuma Shaima, mai idon shaho, ta hango abin da kowa bai lura da shi ba: yatsan Rihab fayau, babu zobe. A garinsu kuwa, wadda ta cire zobe ta fasa aure.

Saƙon Mu'utaz ya shigo: "Hasken idona, ina zobena? Mama ta ga hoton. Ki ce mini wani abu, ko da ƙarya ce."

Tana cikin rubuta amsa layin sadarwar jirgin ya ɗauke. Kwana da kwanaki shiru. Rihab ta kasa cin abinci. Tsoro take ji ƙwarai, kada ta sauka ta tarar an ba shi Shaima.

A tashar jiragen ruwa ta Safaga ta same su tsaye, Mu'utaz ya rame, Hajja ta sha kunu.

"Nuna mini hannunki," in ji Hajja.

Rihab ta sa hannu ƙarƙashin mayafinta, ta zaro zare daga wuyanta, zoben na lilo.

"Tanti, an hana sa zinare wajen niƙa dutse, don yana goguwa ya shiga garin dutsen. Ni kuwa na ƙi cirewa, na ɓoye shi cikin safar hannu, ashe ta yage. Da aka auna, sai ga zinare jingim a cikin dutsen. Shugabanmu har ya yi sujada, wai mun samo arzikin ƙasa. Dole na tashi gaban kowa na ce zoben ɗanki ne. Aikin mako guda ya tafi a banza. Shi ya sa na rataye shi a wuya."

Mu'utaz ya dafe ƙirji. "Allah ya shirye ki, habibti. Kin kusa kashe ni."

Hajja ta dube ta. Can bakinta ya fara motsi.

"Wato kin gwammace ki sha kunya gaban manyan malamai da ki tuɓe zoben ɗana?"

"Na gwammace, Tanti."

"Daga yau Mama za ki ce, ja'ira."

Ranar ɗaurin aure, Hajja ce da kanta ta tsinke zaren. Ta ba Mu'utaz zoben ya zura wa Rihab a hannun hagu, alamar an zama mata da miji, ta rangaɗa guɗa, sannan ta ƙulla wa amarya sarƙar azurfa a wuya.

"Idan za ki niƙa duwatsunki, ki rataye shi a nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, a tudu da teku."