Ƙunshi Biyu da Ba a Auna Ba

Ranar Laraba, lakwal ɗin Dungas, wato makarantar boko, ta cika da murna. Wani matuƙin jirgin sama zai kawo ziyara! Sunansa Kumandan Maharazu, ɗan garin Dogo-Dogo ne, kuma a wannan lakwal ya yi karatu.

Da hantsi ya iso, ɗauke da ƙaramin jirgi fari mai tsawon hannu. Yara suka yi ta tsalle.

"Yana tashi kuwa?" in ji wani yaro.

"Yana tashi sosai," in ji Kumandan. "Amma sai an auna kayan da zai ɗauka. Nauyin ne zai nuna mini ƙarfin da zan ba injin. Wa ya iya lissafi?"

Wata yarinya ƴar aji biyar ta ɗaga hannu. "Ni! Ni!"

Malaminsu, Mushe Maina, ya zaɓe ta tare da ƙawarta Nafi. Aka ba su ma'auni da ƙunshin yashi guda biyar.

"Waɗannan su ne fasinjoji," in ji Kumandan. "Ke ki auna ki rubuta. Nafi kuma ta duba aikinki."

Yarinyar ta auna ƙunshi uku. Sai ta ga yara suna gudu zuwa filin ƙwallo, inda za a tayar da jirgin. Ta ji tsoron kada a cika gaba a bar ta a baya. Ta rubuta nauyin ukun, ta cusa duka biyar ɗin cikin jirgi.

"Saura biyu fa," in ji Nafi.

"Ƙanana ne, ba komai. Ki yi shiru, mu tafi!"

Kumandan ya karanta takardar, ya saita injin. Yara suka ƙirga da ƙarfi: "Ɗaya! Biyu! Uku!"

Jirgi ya zabura. Yana gudu, yana gudu, amma ya ƙi tashi. Ya ɗaga hanci, wutsiyarsa ta goge ƙasa. Sai ji aka yi karaf! Ya daki dangar kara, fiffike ɗaya ya tsage.

Ƴan aji ɗaya suka fara kuka.

Yarinyar ta matso a hankali.

"Kawu, laifina ne. Uku kawai na auna."

Kumandan ya durƙusa a gabanta. "Kin kyauta da kika faɗi gaskiya. Kin san manyan jirage ma hakan na samunsu? Idan aka ba matuƙi nauyin da ba daidai ba, jirgi zai iya ƙare hanya bai tashi ba. Kuma a ciki mutane ne, ba yashi ba."

Ya juya ga Nafi. "Ke kin gani?"

"Na gani, amma ta ce in yi shiru."

"A makarantar tuƙi ana koya mana magana. Ko ƙaramin matuƙi ya ga kuskure, dole ya faɗa wa babba. Ni ma da laifina. Na karɓi takarda ban sake tambaya ba."

Mushe Maina ya kawo abin liƙi daga ofis. Suka gyara fiffiken. Yarinyar ta auna duka biyar, tana faɗin lamba da ƙarfi. Nafi ta sake aunawa.

"Daidai ne!" in ji Nafi.

A wannan karon jirgi ya yi gudu kaɗan, ya yi sama! Ya wuce kan bishiyar dogon yaro, ya zagaya lakwal sau biyu. Har masu kai gero kasuwa suka tsayar da jakunansu suna kallo.

"Ya tashi! Ya tashi!" Yarinyar ta rungume Nafi, suna ta dariya.

Tun daga ranar ta daina gaggawa a aikinta. Ta gane cewa aikin da aka ba ka, ka yi shi cikakke, kuma idan wani ya nuna maka kuskure, ka tsaya ka saurare shi.